A Cinikin Kayan Kiɗa, Ji Ya Kori Gani

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan wuta a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Wadata a Yamai, ya san yadda wurin yake. Kowane mai shago ya jera akwatunan kiɗa a ƙofa, wasu tsayinsu ya kai ƙirjin mutum, fitilu ja da kore suna ta wal-wal, kowa kuma ya ƙure ƙara domin ya danne maƙwabcinsa. Cikin wannan hayaniya ce uwar ɗiya ke zuwa da kuɗin adashinta ƙulle a bakin zane, tana neman rediyon da za a sa a ɗakin amarya. Ba ta jin komai sai dum-dum. Abin da ya rage mata shi ne ta zaɓa da ido: wanda ya fi girma, ya fi walƙiya, aka kuma rubuta masa 5000 W a jikin kwali. Wata huɗu bayan biki, in kun leƙa ɗakin, sai ku tarar da akwatin a ƙurya an lulluɓe shi da ƙyalle, ya zama wurin ajiye kwanuka.

Mu ma mun taɓa faɗawa wannan rami, shi ya sa ba mu yi wa kowa dariya. Mun sayi wani mai ido uku a kowane gefe, ba a jima ba gefe ɗaya ya yi shiru. Da mai gyara ya kwance bayansa a gabanmu, sai ga shi ido biyu daga cikin ukun roba ce kawai aka manna don ado, ko waya ba a ja musu ba. Maganaɗisun na ukun bai wuce faɗin ƙwandalar dala ashirin ba. Can ƙasa kuma an liƙa wani guntun siminti domin akwatin ya yi nauyi a hannun mai saye. Tun daga ranar muka koma tambayar masu gyara da kafintoci, muna gwadawa a gida, kuma abin da muka tsinta shi ne muke so mu baje muku yau.

Da fari sai mu daidaita a kan abin da ake nema. Kayan kiɗa na kirki su ne waɗanda in mai labarai na Muryar Sahel ko na Anfani yana magana, wanda ke tsakar gida zai ɗauka baƙo kuka yi. In kun sa Shata, ku ji kalangu yana magana daban, ƴan amshi daban. In kun sa marigayi Mamman Barka, ku ji yatsa yana taɓa tsirkiyar gurmi. In kun sa Barmani Coge, ƙwarya ta yi ƙarar ƙwarya, ba ta bokitin roba ba. Wannan ba ya bukatar kuɗin mota, amma yana bukatar a san inda za a sa ɗan abin da ke hannu.

Ƙaryar da ke jikin kwali

Lambar nan da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, 3000 W ko 5000 W, in kun duba da kyau za ku ga wasu ƙananan haruffa kusa da ita: PMPO. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Awon da ake iya riƙewa shi ne wanda aka rubuta wa RMS, kuma sau da yawa shi ne ake ɓoyewa cikin takarda, in ma an sa shi.

Akwai lissafin da kowace mai awon hatsi za ta iya yi a tsaye. Ku dubi ɗan akwatin wutar da ake soka wa a bango, ko rubutun da ke bayan na'urar. In an rubuta 12 V da 2 A, sai ku buga 12 sau 2, ya ba ku 24. To, wat 24 ke shiga na'urar nan, kuma ba yadda za a yi abin da ya fi haka ya fito. Wadda ta zuba tiya 24 cikin buhu ba ta auno tiya 5000 daga cikinsa, ko da wa ya ɗinka buhun.

Wani abin kuma da masu shago ba su faɗa shi ne, ɗakin kwana ko falo ba ya cin wat da yawa. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Bafal na gida, wato abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke kira sifika, in aka ba shi wat 1 tak, yakan ba da desibel 85 zuwa 90 ga wanda ke zaune nesa da shi da mita 1. Wannan ƙara ce da ta isa ta hana mutum biyu yin hira cikin natsuwa. Ke nan sauraron da muke yi kullum bai cika wuce wat 1 ko 2 ba, sauran ajiya ce domin lokacin da ganga ta buga da ƙarfi. In aka ninka wat, desibel 3 kawai ke ƙaruwa, abin da kunne ke ji kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka, sai an ninka wat ɗin har sau 10. Saboda haka wanda ya ƙara kuɗi mai yawa domin ya tashi daga wat 50 zuwa wat 100, ɗan abin da ya samu bai kai abin da ya biya ba. Ampili mai wat 15 zuwa 20 na gaskiya a kowane gefe ya ishi kowane ɗaki da muka sani.

Bafal ne uban tafiya

In da za ku tambaye mu rabon kuɗin, za mu ce cikin kowace jika 10 ku ba bafal jika 6, ampili jika 3, sauran jika 1 ta tafi ga waya da ƴan tarkace. Dalili kuwa, ampili da rediyo da salula duk saƙo suke miƙawa, amma bafal shi ne bakin da ke magana. Bafal mai kyau a bayan ɗan ƙaramin ampili yana daɗin ji. Bafal na banza ko an haɗa shi da ampilin gidan biki, banza zai yi ta fitarwa da ƙarfi. Kuma bafal na kirki yana shekara 20 har 30 yana aiki, ampili ne ake sauyawa.

Biyu ake so, ba shida ba. Waɗannan da ake sayarwa da ƙaton akwati ɗaya na dum-dum da ƴan ƙanana biyar kamar gwangwanin madara, an yi su ne domin fim, kuma masu arahar cikinsu suna da rami a tsakiya. Kunnen ɗan Adam yana jin girgiza daga 20 zuwa 20,000 a sakan guda. Ƙaton akwatin yana riƙe can ƙasa, ƙananan suna riƙe can sama, tsakiyar kuma ta yi rauni. Alhali muryar mutum, da kalangu, da gurmi, da goge, da algaita, da sarewa, kusan duka a tsakiyar nan suke zaune. Shi ya sa za ku ji ƙirjinku yana girgiza amma ba ku gane abin da mawaƙin ke cewa. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Inda talaka ke cin riba shi ne wajen ƴan kwance. Tsoffin kayan da suka shigo daga Turai ta Lome da Kwatano, waɗanda ake gani a Katako ta Yamai da rumfunan masu gyaran rediyo na kowane gari, akwai na ƙwarai a cikinsu: Sony, Pioneer, Technics, Kenwood, Yamaha, JVC, Philips, na shekarun 1980 da 1990. Sau da yawa wurin kaset ko na faifan CD ne ya mutu, mai shi ya yar da duka, alhali bafal ɗin biyu lafiyarsu lau. Ba su da fitila, katakon ya ƙoƙe, shi ya sa ake sakin su da sauƙi. Sai dai kayan kwance ba a cinikinsu kamar biri a sama, sai an duba.

Ku cire ragar gaba. Ku dubi zoben da ya kewaye bakin mazubin takardar nan mai motsi. In na soso ne, ku taɓa shi a hankali, domin zafin ƙasarmu yana cinye soso har ya riƙa marmashewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Na roba ko na ƙyalle ya fi jure wa bazara. Wanda sosonsa ya mutu ana iya sake masa zobe, amma sai a rage kuɗin gyaran daga farashi tun a wurin. Bayan haka ku buɗe yatsu ku danna mazubin ciki kaɗan, daidai wa daida ta kowane gefe. Ya kamata ya shiga ya dawo shiru. In kuka ji yana karta kamar akwai yashi a ciki, zaren tagullar da ke cikinsa ya taɓa ƙonewa, ku ajiye shi. Ku ƙwanƙwasa jikin akwatin kamar yadda ake gwada tukunya. Mai kyau yana amsawa gajere, dim, kamar an bugi kututture. Wanda ya amsa kamar ganga, to zai riƙa sa nasa baki cikin kowace waƙa. Ku duba ƙasansa kuma ko ruwa ya taɓa jiƙa shi, domin katakon garin itace in ya sha ruwa kumbura yake, ba ya komawa.

Sannan a kunna. A nan ne muke roƙonku ku je da naku kati ko taku salula, da muryar da kuka sani kamar ta gidanku: mawaƙin da kuka tashi da shi, ko malamin da kuke saurare kullum. Kada ku yarda da waƙar mai shago, ya san wadda ke rufa wa kayansa asiri. Ku je da hantsi kafin kasuwa ta cika, ku ce a rage ƙara, domin kowane akwati yana burgewa in an ƙure shi, a ƙasa-ƙasa ne ake gane mai gaskiya. Ku kara kunne kusa da ƙaramin idon da ke sama, ku tabbata siririyar ƙara tana fita daga kowane gefe. Kuma kafin kuɗi su fita daga hannu a yi sharaɗi a gaban shaida: kwana biyu ko uku na gwaji a gida. Ku ƴan kasuwa ne, ba sai mun koya muku wannan ba.

In ba a dace da na kwance ba, akwai hanyar kafinta. A sayi bafal na mota guda biyu masu faɗin santimita 16, irin waɗanda ƙaramin idon yake ɗore a tsakiyar babban, a kai wa kafinta ya yi wa kowane akwatinsa. Akwatin ba don kyau ake yin sa ba. Mazubin nan in ya tura iska ta gaba, yana janye ta ta baya, to in ba a raba gaba da baya ba sai su cinye juna, kaurin muryar ya ɓace. Saboda haka a yi shi da falanki mai kauri, milimita 15 zuwa 18, cikinsa ya kai kamar lita 15 zuwa 20, wato kusan girman jarkar mai. A sa gam a kowace mahaɗa kafin ƙusa, a toshe har ramin da waya ta bi, kada iska ta sami mafita. A cika kamar rabinsa da auduga ko audugar rimi sako-sako, ba a danne ba. Akwatunan biyu su zama girma ɗaya.

Tsohuwar dabarar nan ta samarin ƙauye, ta ɗora bafal a bakin tulu, ba wauta ba ce. Yumɓu yana da nauyi, ba ya rawa kamar siririn katako. Aibinta ɗaya, tulu yana da tasa murya, sai ya riƙa kumbura sauti ɗaya fiye da saura. In aka zuba masa auduga aka kuma liƙe bakin da kyau, za ku sha mamaki.

Ampili da maganar kuran

Hanya biyu ce a nan. Ta farko, tsohon ampili na kwance daga kamfanonin da muka ambata. Abu na farko da za a duba shi ne rubutun bayansa. Wutarmu 220 V ce. Kayan da aka yi domin Amurka na 120 V ne, na cikin Japan kuma 100 V, in aka soka su a bango kai tsaye, hayaƙi ne zai biyo baya. Wasu suna da ɗan maɓallin zaɓi a baya, sai a tabbata yana kan 220 ko 240. A kunna shi ba tare da waƙa ba, a kara kunne a bafal. In yana gurnani, uuum, akwai gyara a gaba. A juya maɓallin ƙara, in yana ƙarar-ƙarar, yawanci ƙura ce, mai gyara zai wanke ta da ɗan kuɗi. A bar shi ya yi minti 15 yana aiki a taɓa shi. Ɗumi ba laifi, amma wanda hannu ba ya iya zama a kansa, a bar wa mai shi.

Ta biyu, kuma ita muka fi so ga mai ƙaramin ƙarfi, su ne ƙananan ampili na zamani masu aiki da 12 V, waɗanda ba su fi sabulun wanki girma ba. Da yawansu suna da Bluetooth da wurin kati da rediyon FM a haɗe. Masu gyara sun san su da lambar ƙwaƙwalwar da ke ciki, irin su TPA3116 da TDA7297. Na farkon yana cikin irin da ba su ɓarnar wuta, kusan kashi 90 cikin 100 na abin da suka ci yana zuwa ga bafal, shi ya sa ba su zafi. A kan 12 V, mafi yawan abin da irin wannan ke bayarwa shi ne wajen wat 15 zuwa 18 ga bafal na mota, kome aka rubuta a jikinsa, kuma mun riga mun ga cewa ya isa. Tsohuwar rediyon mota ma tana yin wannan aiki sarai.

Amfanin 12 V kowa ya gan shi a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A watannin nan manyan akwatuna sun yi ta barci, mai ɗan ampili da batir da faifan sola kuwa bai rasa labarai ba. Ga lissafin: ƙaramin batir mai 12 V da 7 Ah yana ɗauke da 84, wato 12 sau 7. Ba a so a zuƙe batir irin wannan fiye da rabi in ana so ya daɗe, saura 42 ke nan. Ampilin da ke cin wat 5 a sauraro na hankali zai yi awa 8 a kai. Sai dai a sa fis a kan jar waya kusa da batir, a kuma kiyaye kada a juya ja da baƙa, domin juyi ɗaya ya isa ya kashe ampilin. Batir mai ruwa ba a cajinsa a ɗakin da ake kwana, kuma a nisanta shi da yara.

Wanda ke kan kuran kuwa, ya saba da cire waya daga bango in an ɗauke wuta, ya kuma ba ta ƴan mintoci bayan ta dawo kafin ya mayar. Haka in hadari ya taso da damina. Wannan ɗabi'a ba ta cin ko dala, ta kuma ceci kaya da yawa.

A bayan kowane bafal akwai lamba 4, 6 ko 8, da wata alama kamar ƙwarya a kife. Ana kiran wannan awo om, kuma yadda lambar ta ƙanƙanta haka nauyin da ke kan ampili yake ƙaruwa. Ku duba abin da ampilin ya ce yana ɗauka. Kuskuren da samari ke yi shi ne su tara bafal biyu ko uku a baki ɗaya. Biyu masu 8 in aka gama su haka sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, ampilin kuma ya yi ta zafi har ya mutu, kamar jakin da aka yi wa kayan raƙumi. Baki ɗaya, bafal ɗaya.

Waya ba ta bukatar tsada. Wayar wuta mai laushi ta tagulla, mai kaurin 1.5, irin ta masu haɗa wutar gida, ta isa ga mita 4 ko 5. Sai dai a kankare bakinta da wuƙa kafin a biya. In cikinta ja ne, tagulla ce. In fari ya bayyana, sanholo ne aka yi wa wanka, yana karyewa kuma ba ya kai wuta kamar tagulla. Wajen haɗawa, ja ga ja, baƙi ga baƙi, a duka gefen biyu. In aka juya gefe ɗaya, wannan yana turawa wancan yana ja, sai kaurin sauti ya gudu, muryar ta rasa wurin zama. In alamar ta goge, ku ɗauki batirin tocila mai 1.5 V ku taɓa wayoyin bafal ɗin da shi na ɗan lokaci. In mazubin ya yunƙuro waje, wayar da ke kan ƙoƙon batirin ita ce ja.

Ɗakin ma yana cikin kayan

Wannan shi ne sashen da ba a saye da kuɗi, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ku tsaya tsakiyar ɗaki ku tafa hannu sau ɗaya. In kuka ji tafin ya yi wutsiya, yana yawo tsakanin bango da bango, to haka kowace kalma za ta riƙa yi, ta baya tana taka ta gaba. Falon siminti mai karo a ƙasa da rufin kwano ba sili shi ne ya fi kowane muni a wannan fanni, ko da kuwa shi ne na mai kuɗi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, da gado da katifa da labule da tabarma, ya fi shi daɗin sauti nesa ba kusa ba. Maganin falon kuwa yana cikin gidan: a shimfiɗa darduma ko tabarma tsakanin bafal da wurin zama, a saki labule mai kauri a taga, a bar kujeru masu laushi su sha amsa-kuwwar.

Wajen jerawa ku tuna da duwatsun murhu. Bafal biyu da mai sauraro su zama kamar duwatsun nan uku, tazarar kowane da ɗan uwansa ɗaya, kamar mita 2. A ɗan karkato fuskokinsu wajen mai zama. Ƙaramin idon sama ya yi daidai da kunne, domin siririyar ƙara miƙe take tafiya kamar hasken tocila. Ke nan gidan da ake zama a kujera sai a ɗora su a kan ɗan teburi mai ƙarfi, gidan da ake zama a tabarma kuwa ɗan tudu kaɗan ya isa. Ɗora su can saman kabad kusa da rufi, kamar yadda aka saba, asarar rabin kuɗin ne. A janye su daga bango kamar kamu ɗaya, kada kuma a cusa su a ƙurya, domin ƙurya tana kumbura dum-dum har ya rufe magana. In an jera daidai, muryar mai labarai za ta fito daga tsakiyar bafal biyun, inda babu komai, kamar mutum na zaune a wurin. In kun ji haka, an gama.

Hajiya, ke kuma ga taki. Kabad ɗin nan na gilashi da jeren kwalla da samira da tangaran, duk suna amsa kiɗa. Sau da yawa zizar da ake ɗora wa bafal laifinta, murfin kwano ne ke rawa. Kada bafal ya zauna a kan kabad ɗin ko ya jingina da shi, a kuma sa ɗan ƙyalle ƙarƙashin abin da ke kaɗawa. Mai shago ko mai rumfa shi ma kada ya ɗaure bafal a jikin kwano, ya rataye shi a ginshiƙi. Lulluɓi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu yana da kyau, amma sai an kashe. Ampilin da ke aiki a rufe cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, kansa yake dafawa. Bafal mai rami a gaba ko a baya kuma a sa wa ramin ƴar raga, in ba haka ba ɓera ya sami ɗakin haya.

Saura abin da ake zubawa a ciki. Masu tura waƙoƙi a kati sukan matse su domin kati ɗaya ya ɗauki dubu, matsewar kuwa tana zubar da wani abu daga sautin wanda ba ya dawowa. Ga ma'auni mai sauƙi: waƙar MP3 mai matsakaicin kyau tana cin wajen mega 1 a kowane minti. In kuka ga waƙar minti 5 ba ta kai mega 2 ba, an tatse ta, kuma bafal mai kyau shi ne zai fi tona mata asiri, ku ji kamar ana waƙa cikin ruwa. Ku ce a tura muku masu nauyi, ko da ɗari biyu kawai katin zai ɗauka. Bluetooth ba laifi gare shi, amma ƴar wayar da ke shiga ramin abin kunne na salula ta fi araha kuma ba ta yankewa. Ga mai sauraron FM, guntun waya mai tsawon santimita 75 da aka miƙe tsaye kusa da taga yana rage shuu ɗin nan ƙwarai.

Maɓallan kauri da siranta, waɗanda aka rubuta wa Bass da Treble, ku mayar da su tsakiya ku yi kwana uku a haka. Ranar farko za ku ce abin ya yi lami, kamar miyar da aka rage wa magi. Kafin kwana ukun su cika za ku fara jin abubuwan da ba ku taɓa ji ba cikin waƙar da kuka sani shekara da shekaru. Kuma duk lokacin da kuka ƙara ƙara har murya ta fara shaƙewa tana tsagewa, ampilin ya kai iyakarsa, ku koma baya. Wannan tsagewar ce ke ƙone ƙaramin idon sama, ko da ampilin ƙarami ne.

Kunne ma yana da nasa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babban mutum yana iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 awa 4 ne kawai a mako. Wanda ke wuni a shago kusa da akwatin da aka ƙure, tun ranar farko ta mako yake cinye rabonsa, jin da ya tafi ta wannan hanya kuma ba ya dawowa. In sai kun ɗaga murya kafin wanda ke gabanku ya ji ku, ƙarar ta yi yawa, balle ga jaririn da ke goye.

Mun san abin da ke ran uwar ɗiya: ƴan ganin ɗaki za su zo, kuma ba a so a ce ba a kawo babba ba. To, kafintan da ya yi gado da kabad shi za a ba akwatunan nan biyu, ya goge su, ya shafa musu fenti ko banis kalar gadon, ya ja musu sabon baƙin ƙyalle a fuska. Ɗan ampilin a yi masa gurbi a buɗe inda iska ke ratsawa. A sa wanda ya iya ya haɗa wayoyin tun ranar jere, ya gwada da batirin tocila, ya kuma nuna wa amarya wayar da za ta cire in an ɗauke wuta.